Karen Dubiya a Asibiti: A Bari Ko a Hana?

Gabatarwa

A asibitocin Amurka da Ingila da Kanada akwai wata al'ada da ta kafu cikin shekaru hamsin da suka wuce, wadda in aka ba Bahaushe labarinta zai ɗauka zolaya ce. A ranakun da aka tsayar, wani ɗan sa kai yakan shigo asibiti riƙe da igiyar kare, ya bi ɗakunan marasa lafiya. Ya tsaya a bakin gado, maras lafiya ya miƙa hannu ya shafa kan karen, su ɗan taɓa hira da mai shi, bayan minti goma ko sha biyar su ƙara gaba. Karen na ɗan sa kan ne, a gidansa yake kwana, sai dai an jarraba halinsa an yi masa rajista domin wannan aiki. Turawa suna kiransa da sunan da ke nufin karen warkarwa. A wannan maƙala za a kira shi karen dubiya, domin sunan ya fi dacewa da abin da yake yi.

Su kansu Turawan ba su zama baki ɗaya a kan al'amarin ba. Wasu likitoci da ma'aikatan jinya suna ganin alheri ne ga wanda ciwo ya kayar, wasu kuwa suna ganin ɗakin da aka tara masu rauni ba wurin shigar dabba ba ne. Ra'ayin da za a kare a nan shi ne a bar karen ya shiga, amma a matsayin mai dubiya, watau baƙon da ke neman izini, ya zo da tsabta, ya kuma tashi da wuri. Duk asibitin da ba zai iya tsare waɗannan ladubba ba, hanawa ta fi masa.

Asalin al'adar

Tun a 1796 da William Tuke ya buɗe gidan kula da masu taɓin hankali a birnin York na Ingila, an san gidan da barin ƙananan dabbobi, irin su zomaye da kaji, a farfajiyar da marasa lafiya ke shan iska. Florence Nightingale ma, a littafinta na aikin jinya wanda ya fito a 1859, ta yaba da amfanin ƙaramar dabba ga wanda ya daɗe a kwance. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, wata 'yar ƙaramar karya mai suna Smoky, wadda sojojin Amurka suka tsinta a New Guinea a 1944, ta yi suna wajen zagaya gadajen sojojin da ke jinya.

Wanda ya shigar da maganar cikin zauren masana shi ne Boris Levinson, masanin halayyar yara a New York. Ya lura cewa wani yaro da ya ƙi yi masa magana ya saki jiki da karensa Jingles, daga nan kuma hanyar hira da yaron ta buɗe. Ya wallafa bayanin haka a 1962, kuma da farko abokan aikinsa da yawa dariya suka yi masa. Daga bisani sai ƙungiyoyi suka taso. Wata nas mai suna Elaine Smith ta kafa Therapy Dogs International a jihar New Jersey a 1976. A 1977 aka kafa ƙungiyar da a yau ake kira Pet Partners a Amurka, sa'an nan a 1983 Lesley Scott-Ordish ta kafa Pets As Therapy a Birtaniya. Irin waɗannan ƙungiyoyi ne ke jarraba kare da mai shi kafin asibiti ya buɗe musu ƙofa.

Wajibi ne a bambanta karen dubiya da karen jagora, wanda ke jan makaho ko taimakon wani mai nakasa. Dokar Amurka ta 1990 mai kare haƙƙin nakasassu, da dokar daidaito ta Birtaniya ta 2010, sun tsare wa mai nakasa haƙƙin shiga wuraren jama'a da karensa. Karen dubiya ba shi da wannan haƙƙi. Alfarma ce asibiti ke yi masa, kuma mai yin alfarma yana da ikon gindaya sharaɗi.

Abin da bincike ya nuna

Masu goyon baya sukan fara da binciken Erika Friedmann da abokan aikinta na 1980. Sun bi diddigin mutum 92 da aka sallama daga sashen masu ciwon zuciya har shekara guda. Cikin 53 da ke da dabba a gida, 3 suka rasu, cikin 39 da ba su da ita kuwa, 11 suka rasu. Alƙaluman suna da jan hankali, amma magana ce a kan zama da dabba a gida shekara da shekaru. Ba a iya jingina ziyarar minti goma a kansu.

Binciken da ya fi kusa da batun shi ne wanda aka yi a asibitin Jami'ar California da ke Los Angeles, aka wallafa a 2007. An kasa mutum 76 masu raunin zuciya gida uku. Kashi na farko ɗan sa kai ya ziyarce su da kare na minti 12, na biyu ɗan sa kai ya zo shi kaɗai, na uku ba wanda ya zo. Ma'aunin fargaba ya sauka da kashi 24 cikin ɗari ga waɗanda suka ga kare, ya sauka da kashi 10 ga waɗanda mutum kaɗai ya ziyarta, bai motsa ba ga waɗanda aka bari su kaɗai. Sinadaran da jiki ke zubawa cikin jini lokacin firgita su ma sun fi raguwa ga kashi na farko. A 2022 kuma an wallafa wani bincike daga sashen taimakon gaggawa na wani asibiti a Saskatoon ta Kanada, a kan mutum kusan 200, inda waɗanda suka sami ziyarar minti 10 suka ce zafin ciwonsu ya ɗan lafa.

To, amma akwai wani ɓangaren. Ƙungiyar American Humane ta ɗauki nauyin bincike a asibitocin yara biyar, a kan yara 106 masu ciwon daji, aka fitar da sakamakonsa a 2018. Ba a sami wani bambanci mai ƙarfi ba tsakanin fargabar yaran da kare ke ziyarta da ta waɗanda ba ya ziyarta, ko da yake iyayen yaran farko sun sami ɗan sauƙin damuwa. Bugu da ƙari, irin wannan bincike yana da matsalar da ba ta da magani. Mai gwajin ƙwaya yana iya ɓoye wa maras lafiya ko ta gaske ya sha ko ta bogi, amma ba a iya ɓoye wa mutum cewa kare ya zo bakin gadonsa. Yawancin masu yarda su shiga gwajin ma, dama can masu son karnuka ne.

Abin da mai adalci zai ɗauka daga duk wannan kaɗan ne, amma tabbatacce ne. Ga wanda yake son kare, ziyarar tana sanyaya rai na ɗan lokaci, tana rage fargaba, tana ɗauke hankali daga ciwo. Ba ta narkar da ƙari, ba ta gyara zuciya. Wannan shi ne aikin dubiya a ko'ina, kuma ba ƙaramin aiki ba ne. Mutumin da ya yi mako uku a kwance, wanda duk hannun da ya taɓa shi ya zo ne da allura ko ma'aunin zafi, shi ya san darajar abu mai rai da ya zo wurinsa ba don ya ɗebi jininsa ba. Tsohuwar da ta bar karenta a gida, wanda wataƙila shi kaɗai take magana da shi tun rasuwar mijinta, ba ta bukatar alƙaluman jami'a kafin ta san abin da ziyarar ta yi mata. Har ila yau, binciken Los Angeles ya bar darasin da ake yawan tsallakewa, watau mutum shi kaɗai, ba tare da kare ba, ya kawo wani kaso mai kauri na sauƙin.

Hujjar masu hanawa

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta yaɗuwar cuta, kuma ba ta raini ba ce. A 2006 Sandra Lefebvre da abokan aikinta suka gwada karnuka 102 masu ziyarar asibitoci a lardin Ontario na Kanada, suka sami ƙwayar da likitoci ke kira Clostridium difficile a jikin fiye da rabinsu. Ita wannan ƙwaya tana haddasa gudawa mai tsanani, musamman ga tsofaffi da waɗanda suka daɗe suna shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta. A binciken da suka biyo da shi a 2009 sun nuna cewa karnukan da ke shiga asibiti sun fi sauran saurin kwasar MRSA, ƙwayar da ta gagari magunguna da yawa, kuma haɗarin ya fi yawa ga waɗanda ke lasar marasa lafiya ko karɓar abinci daga hannunsu. A cikin yawun kare ma akwai ƙwayoyin da ba sa yi wa mai lafiya kome, amma suna iya halaka wanda aka cire wa saifa ko wanda garkuwar jikinsa ta faɗi.

Sai dai in an duba da kyau, yawancin abin da ake tsoro a asibitin kare ke kwasarsa. Mai gado na farko ya shafa gashinsa, mai gado na biyu ya shafa wuri ɗaya, ƙwaya ta sami abin hawa. Haka hannun likita yake yi, haka rigarsa, haka abin da yake sauraron ƙirji da shi. A 1847, lokacin da Ignaz Semmelweis ya gano a Vienna cewa hannuwan likitoci ne ke kai zazzaɓin da ke kashe masu jego daga ɗakin gawa zuwa ɗakin haihuwa, wanke hannu ya wajabta musu, mace-macen kuwa suka ragu ƙwarai. Ba wanda ya ce a kori likitoci. Irin wannan mataki ya yi aiki a kan kare. A wani gwaji da aka yi a asibitin Johns Hopkins tsakanin yara masu ciwon daji, wanda aka bayyana a 2018, wanke karnukan da sabulun kashe ƙwayoyin cuta kafin ziyara, da goge gashinsu a tsakiyarta, ya rage yaɗuwar MRSA sosai.

Saboda haka ne ƙungiyar masana yaɗuwar cuta a asibitocin Amurka, wadda ake taƙaita sunanta SHEA, ta fitar da ƙa'idoji a 2015. Daga ciki akwai cewa kare kaɗai za a yi wannan aiki da shi, ban da kyanwa; ya kai shekara guda; kada ya zama ana ciyar da shi ɗanyen nama; kowa ya wanke hannu kafin taɓa shi da bayan taɓawa; a hana lasa; a shimfiɗa wani zane in zai hau gado; kada ya shiga ɗakin jarirai, ko ɗakin da aka keɓe mai cuta mai yaɗuwa, ko sashen kulawa ta musamman. Ƙungiyar ma'aikatan jinya ta Birtaniya ita ma ta fitar da nata tsarin a 2018. Da annobar korona ta zo a 2020, asibitoci da dama sun dakatar da ziyarar gaba ɗaya, kuma daidai suka yi, domin alfarma ba ta gaba da rai. Hujjar cuta, ke nan, hujja ce ta tsananta sharaɗi da keɓe wasu ɗakuna. Ba ta kai ta rufe ƙofar asibiti duka ba.

Wanda ba ya so

Akwai wata hujja da masu son karnuka ba su cika ba ta haƙƙinta ba, alhali kuwa ta fi ta cuta wuyar warwarewa. A asibitocin gwamnati na Ingila, sau da yawa gado huɗu ko shida ne a ɗaki guda, labule kawai ya raba su. Karen da ya zo domin mai gado na ɗaya ya shigo wa sauran biyar. A cikinsu ana iya samun mai asma wanda gashin kare ke tayar masa da ita, ko wanda kare ya taɓa ciza yana yaro. A Amurka ana iya samun dattijo baƙar fata wanda ya ga yadda 'yan sanda suka saki karnuka a kan masu zanga-zangar neman 'yanci a Birmingham ta jihar Alabama a 1963, wanda har yau ganin babban kare ba ya kawo masa natsuwa.

Akwai kuma maganar addini. Ƙidayar 2021 ta nuna Musulmi kusan miliyan 3.9 a Ingila da Wales, watau kashi 6.5 cikin ɗari na jama'a. Malaman fiƙihu sun saɓa a kan kare. Mazhabar Malikiyya, wadda galibin Hausawa ke bi, tana ɗaukar kowane mai rai a matsayin mai tsarki, har da yawunsa, kuma tana ganin wanke ƙwaryar da kare ya sha a ciki sau bakwai bin umurni ne kawai. Shafi'iyya da Hanbaliyya suna ganin najasa ce mai kauri, Hanafiyya kuwa ta tsayar da najasar a kan yawun. Musulmin Ingila da yawa asalinsu Pakistan ne da Bangladesh da Somaliya, inda Hanafiyya da Shafi'iyya suka fi ƙarfi. Maras lafiyan da ke salla a kan gadonsa, wanda ba ya iya tashi ya sauya tufa ko zanen gado, yawun kare a hannun rigarsa babbar damuwa ce a gare shi. Wannan ba ƙiyayyar dabba ba ce. A 2008 malaman Musulunci a Birtaniya sun ba wani matashi makaho izinin zuwa masallaci a Leicester da karen jagoransa, aka tanadar wa karen wurin jira a wajen ɗakin salla. Sun ga lalura, sun ba ta hukuncinta. Dubiyar kare kuwa ba lalura ba ce, kuma ba aikin asibiti ba ne ya zaɓa wa maras lafiya mazhaba.

Masu shirya ziyarar za su ce ai ana tambaya. To, amma yaushe ake tambayar? In an tsaya a bakin labule da kare yana kaɗa wutsiya, da mai shi yana murmushi, da nas a gefe, sa'an nan aka ce ko kana so, an riga an sa mutum a tsaka mai wuya. Maras lafiya a hannun mutane yake. Yana gudun ya ɓata wa masu jinyarsa rai, yana jin nauyin a ce shi ne baƙon da ya hana maƙwabtansa jin daɗi. Da yawa za su haɗiye su yi shiru, a rubuta cewa sun yarda. Hanyar gaskiya ita ce a tambayi kowa tun ranar da aka kwantar da shi, shi kaɗai, kamar yadda ake tambayarsa abincin da ba ya ci, a kuma rubuta amsar. Wanda bai ce yana so ba, a ɗauka ba ya so. In mutum ɗaya a ɗakin ya ƙi, a kai masu so wani ɗaki na dabam su gana da karen, kuma kada a faɗa musu wane ne ya ƙi. Mai so in an hana shi a bakin gado, zai samu a wani wuri. Wanda ba ya so kuwa, ba shi da inda zai gudu.

Shi kansa karen

Karen ma yana da haƙƙi. Asibiti wuri ne mai santsin daɓe, da ƙarar na'urori, da warin magunguna mai ƙarfi ga dabbar da hancinta ya fi na mutum nesa ba kusa ba. Baƙin hannuwa suna ta taɓa shi, wasu na yara waɗanda ba su san ja daga shafa ba. Kare in ya gaji yana nunawa: yawan hamma, lasar leɓe, haki, kau da kai, ɓoye wutsiya. Mai shi in ya fi damuwa da a yabe shi, sai ya kau da ido, kuma a irin wannan hali ne kare mai haƙuri ke iya kai cizo. Shi ya sa ƙa'idojin 2015 suka ce kada zagayen ya wuce awa guda. Tausayin da aka ce shi ya kawo karen asibiti, ya kamata ya haɗa da karen.

In an ce a kwaikwaya

Al'adar ta tsaya ne a kan wani tushe da ba ko'ina ake da shi ba. Birtaniya ta kawar da ciwon haukan kare daga ƙasarta tun 1922, Amurka kuwa ta bayyana a 2007 cewa ta rabu da nau'in da ke yawo tsakanin karnuka. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ƙiyasta cewa ciwon yana kashe mutum kusan 59,000 a kowace shekara, kusan dukkansu a Afirka da Asiya, kuma cizon kare ne sanadin mafi yawansu. Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da ciwon bai ƙare ba. Inda ba a gama yi wa karnuka rigakafi ba, inda ruwan wanke hannu ma yakan yanke a ɗakin marasa lafiya, shigo da kare zai zama garin neman gira a rasa ido. Hasali ma, giɓin da karen ya zo cikewa a can, watau kaɗaicin wanda ba mai leƙo shi, a ƙasar Hausa dangi da maƙwabta da abokan sana'a ne suka saba cike shi, har ma'aikatan asibiti sukan yi fama da yawan masu dubiya. Abin da ya cancanci kwaikwayo shi ne tsarin 'yan sa kai masu neman gadon da ba a zo wa ba, domin a kowane asibiti akwai irinsa.

Kammalawa

A ƙasashen da al'adar ta kafu, hana karen dubiya gaba ɗaya zai tauye wa dubban marasa lafiya wani sauƙi na gaske saboda haɗarin da an san hanyar rage shi. Sakin ƙofa ba ƙa'ida kuma zai jefa mafi rauni cikin haɗari, ya tilasta wa wasu abin da ransu ko addininsu bai karɓa ba. Saboda haka a bari, bisa sharuɗɗan da aka zayyana: izinin kowa da ke ɗakin tun kafin kare ya iso, tsabtar kare da ta hannuwa, nisantar ɗakunan masu raunin garkuwa, da taƙaita lokaci. Ya kamata kuma shugabannin asibitoci su daina sayar da ziyarar da sunan magani. Hoton yaro rungume da kare yana da kyau a jarida, amma ba ya maye gurbin nas ɗin da ba a ɗauka aiki ba, ko ɗan'uwan da aka taƙaita wa lokacin shiga. Asibitin da ya ware kuɗi da ma'aikaci domin tsara ziyarar kare, wajibi ne ya yi irin wannan tanadi domin maras lafiyan da ya ce shi mutum yake so ya zo ya zauna kusa da shi.